Tambaya kan sabon gidan abinci mai faranti tara da aka buɗe a Abuja

Abban Zainab, Abuja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar abinci, domin ranar Asabar ta makon gobe muke cika shekara goma da aure, kuma na daɗe ina son in fita da mai ɗakina zuwa inda ba ita ce za ta tsaya gaban murhu ba, ko da na dare ɗaya ne. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani gidan abinci da aka buɗe a nan Abuja wata biyu da suka wuce, wanda tsarinsa ya sha bamban da na duk inda na taɓa shiga. Ba a miƙa wa mutum takarda ya zaɓi abin da ransa yake so. Babban kukun wurin ne yake tsara faranti tara, a riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan abin da bai wuce loma biyu ko uku ba, kuma duk wanda ya zauna a daren abin da na kusa da shi ya ci shi ma zai ci. Su suna kiransa jerin ɗanɗano.

Da na kira lambar wurin, wata baiwar Allah ta shaida mini cewa kujeru ashirin da huɗu kawai gare su, zama ɗaya suke yi a dare, ana farawa ƙarfe bakwai da rabi daidai, kuma mutum ya ware awa uku. Ta ce sai an ba da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, wanda ba a mayarwa idan mutum ya fasa ana saura kwana biyu. Kuɗin kujera ɗaya ya haura abin da nake sayen buhun shinkafa, ga shi mu biyu ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halaccin abincin, tunda ba ni zan zaɓa ba, kuma da na tambaye ta sai ta ce naman duk yankan Musulmi ne, ba ta ƙara komai ba. Ban sani ba ko wannan amsar ta wadatar. Sannan ina tunanin ko loma biyu-biyu sau tara za ta riƙe cikin mutumin da ya saba da tuwo da miyar kuka, kada mu kashe wannan kuɗi mu dawo gida muna neman kwanon ɗumame. Uwargidan kuma tana jin nauyin shiga wurin da za a jera mata cokula da wuƙaƙe kala-kala, tana tsoron kada ta yi abin da zai sa a kalle ta. Wanda ya taɓa cin irin wannan abinci, musamman a wurin da bai daɗe da buɗewa ba, don Allah ya taimaka mini da abin da ya gani.

Tsohon Kuku, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam Abban Zainab. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya albarkaci zuri'a. Na yi shekara goma sha tara ina aikin kicin a otal-otal na Kaduna da Legas, kuma a shekarun ƙarshe na yi aiki ƙarƙashin wani kuku da yake shirya irin wannan jeri sau ɗaya a wata, don haka zan faɗa maka abin da na gani daga bayan ƙofar kicin.

Amsar da aka ba ka ba ta wadatar ba, kuma ba lallai ne matar ta yi nufin ɓoye maka komai ba, domin mai ɗaukar waya sau da yawa ba ta san abin da ke cikin tukunya ba. A irin wannan girki matsalar ba ta cika zama a tsokar nama ba, tana ɓuya ne a cikin miya da kayan zaƙi. Mafi yawan kukun da suka yi karatun girki sun koya ne bisa tsarin Faransawa, inda idan an soya nama ake zuba giyar inabi a kaskon don a kankaro abin da ya kama, sannan a haɗa da romon ƙashi a dafa har ya yi kauri. Wannan 'yar miyar mai sheƙi da ake ɗiga maka a gefen nama, sau da yawa haka aka yi ta. Za ka ji ana cewa giyar tana ƙonewa a wuta, to wani bincike da aka yi a Amurka a 1992 ya nuna cewa idan an kunna mata wuta a kasko kusan kashi 75 cikin ɗari na barasar yana nan, bayan minti 15 ana dahuwa saura kashi 40, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai ragowar kashi 5. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai abin da ke faruwa a tukunya na faɗa maka. Sai kuma jelatin, sinadarin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi, wanda ake samu daga fatar alade ko ƙashin shanu, kuma kuku da yawa ba sa duba kwalin da ya zo a ciki. Akwai madadinsa da ake yi daga ciyawar teku, ana kiransa aga. Akwai kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi ta Japan da matasan kuku suke son sakawa a miyar kifi.

Saboda haka ka sake kira, ka ce da babban kukun kake son magana, kuma ka yi hakan aƙalla kwana uku kafin ranar, domin romon da za ku sha ranar Asabar tun Alhamis ake ɗora shi. Ka tambaye shi faranti bayan faranti: wanne ne giya ta shiga, wane jelatin suke amfani da shi, kuma ko akwai wani abu na alade a kicin ɗin da ake soyawa a mai ɗaya da sauran. Kukun da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya, domin kullum yana amsa irinta daga masu cutar da gyaɗa ko alkama ke tayar wa. Idan ka ji yana kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Za kuma su yi maka tayin abin sha da aka zaɓa wa kowane faranti, to ka ce maras barasa kake so, kuma ka tambayi kuɗinsa tun kafin a zuba, don daban ake lissafa shi.

Batun tsada kuwa, ba naman da ke farantin kake biya ba, hannuwan da suka taɓa shi kake biya. Wurin da ke da kujeru ashirin da huɗu zai iya samun ma'aikata goma sha biyu ko fiye tsakanin kicin da zaure, sun shigo tun safe, ga janareta tana shan man dizil saboda firji ba ya jiran wutar gwamnati, kuma ba a sayar da kujera sau biyu a dare. Na taɓa kwashe awa huɗu ina tsince ganyen zogale ɗaya-ɗaya don ado a kan faranti talatin. Wannan tsari ya yi ƙarfi ne a Faransa a shekarun 1970, zamanin su Paul Bocuse da 'yan gidan Troisgros, waɗanda suka ga yadda Japanawa suke jera ƙananan kwanuka a abincinsu na kaiseki. Daga baya gidan abincin El Bulli na ƙasar Sifaniya ya kai shi har faranti talatin da ɗoriya kafin a rufe shi a 2011. Shi kansa René Redzepi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan abincin Noma na Kopanhegan da aka sha zaɓa a matsayin na ɗaya a duniya, ya fito a watan Janairun 2023 ya ce tsarin ba mai ɗorewa ba ne, saboda nauyin da yake ɗora wa ma'aikata da aljihu. Wato kafin alƙalamin da suka nema ba zalama ba ce, kujera biyu da aka bari babu kowa tana iya cinye ribar daren.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne wata biyun nan. Sabon kicin yana iya dafa abinci mai daɗi, abin da yake gagararsa shi ne lokaci. Sai an yi makonni ana maimaitawa kafin mai gasa nama da mai haɗa miya da mai ɗaukar faranti su riƙa gamawa a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa masu sharhin abinci a jaridun Turai da Amurka suka saba jinkirtawa na wasu makonni kafin su yanke wa sabon wuri hukunci. Ka sa a ranka cewa za a yi jira a tsakiya, galibi wajen faranti na biyar ko na shida, inda nama mai zafi yake fitowa. Ƙoshi kuma za ku ƙoshi, amma ba irin ƙoshin tuwo ba, don haka ku ci abincin rana yadda kuka saba.

Baban Kabiru, Zariya

Ɗana Abban Zainab, niyyarka ta faranta wa iyalinka abin yabo ce, kuma ban ce abin da kake shirin yi haramun ne ba, matuƙar an tsarkake abincin kamar yadda Malam Kuku ya bayyana. Amma tunda shawara ka nema, ba zan ɓoye maka abin da ke raina ba.

Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma bisa kwatancen da ka yi, kujera ɗaya a wurin nan ta kai ko ta wuce abin da ma'aikaci yake jira wata guda ya karɓa. Allah ya ce mana a Suratul A'araf, aya ta 31, mu ci mu sha amma kada mu yi ɓarna. Na san ma'aunin ɓarna ya danganta da ƙarfin aljihun mutum, abin da yake almubazzaranci a wurina yana iya zama daidai a wurin wani, shi ya sa nake roƙonka ka auna da kanka: shin kuɗin makarantar yara ya fita, shin mahaifiyarka ba ta da wata buƙata da take jin nauyin faɗa maka? Idan duk wannan a kammale yake, to ba ni da ta cewa a kan kuɗi.

Sauran damuwata ta tarbiyyar cin abinci ce. Mu mun tashi ana ajiye akushi ɗaya a tsakiya, babba ya fara sa hannu, a bar wa ƙarami ragowa, kuma baƙo shi ake tambaya abin da yake so. A nan kuwa ka biya kuɗinka amma mai dafawa ne yake yanke maka abin da za ka ci da lokacin da za ka ci shi, kowa da ɗan farantinsa, babu wanda zai tura wa wani tsoka. Sannan na ji daga bakin jikana cewa irin waɗannan wurare yanzu daddawa da kuka da acca suke sayarwa, abubuwan da shekara ashirin da suka wuce ɗan boko yake ɓoyewa idan ya yi baƙi. Matar da ta dafa kalwa kwana da yini, ta wanke, ta rufe ta da ganye ta jira ta ruɓa har ta zama daddawa, nawa take samu a cikin kuɗin farantin nan? Wannan tambaya ce da nake so wani ya amsa mini. Da ni ne, da na sayi zabi huɗu na ba wata gwanar girki ta yi mana farfesu a gida, a kira 'yan'uwa, ita uwargida ta zauna a kawo mata.

Maman Fatima, Landan

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku a kan mai daddawa ta taɓa ni, domin kakata da wannan sana'ar ta riƙe mu. Amma ku ba ni dama in faɗi ɗaya ɓangaren, tunda a nan inda nake zaune na ga abin da irin wannan girki ya yi wa abincinmu.

Akwai wani gidan abinci a unguwar Fitzrovia a nan Landan mai suna Chishuru, na wata 'yar Najeriya, Adejoké Bakare, wadda ta taso a Kaduna. Sunan ma daga Hausa aka ɗauko shi, wato ci shiru, irin shirun da yake sauka a kan mutane idan abinci ya yi daɗi. Ta fara ne da ƙaramin shago a kasuwar Brixton a 2020, ta koma wurin da take yanzu a 2023, sannan a watan Fabrairun 2024 ta sami tauraron Michelin, wato lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, ta zama baƙar mace ta farko da ta same shi a Birtaniya. Cikin abin da aka san ta da shi akwai sinasir. A wannan daren ma aka ba Akoko, wani gidan abincin Afirka ta Yamma da ke unguwa ɗaya da ita, nasa tauraron. Haka kuma Fatmata Binta, Bafulatana haifaffiyar Saliyo da ke zaune a Gana, ta ci babbar kyautar girki ta duniya da ake bayarwa a yankin Basque na ƙasar Sifaniya a 2022, ita kuwa a kan tabarma take zaunar da baƙinta, kuma aikinta ya haɗa da tallafa wa mata masu noman acca. Kun ga ke nan akwai masu yin wannan sana'a da suke tuna inda kayan suka fito. Ranar da na ga 'yata, wadda a da take toshe hanci idan na buɗe kwalbar daddawa, tana yi wa ƙawarta Baturiya bayanin yadda ake yin ta da alfahari, na san wani abu ya sauya.

Yaya Abban Zainab, ga ma'aunin da nake amfani da shi. Ka tambayi wanda ya kawo farantin daga ina daddawar ta fito, wa ya yi man shanun, accar ta Filato ce ko ta kudancin Kaduna. Wurin da yake da gaskiya zai ba ka amsa har da sunan gari, wanda kuwa ado kawai yake yi da sunan abincin gargajiya zai tsaya yana kallonka. Kada kuma wani ya ruɗe ka da maganar tauraro, domin kundin Michelin, wanda kamfanin tayar mota na Faransa ya fara bugawa a 1900 kuma ya soma ba da taurari a 1926, bai shigo Najeriya ba. Iyakar abin da kuku zai iya cewa shi ne ya taɓa aiki a gidan da ke da tauraro a wata ƙasa.

Ita kuma Maman Zainab ka ce mata ta kwantar da hankalinta. A irin wannan tsari ba a cika jibge cokula gaba ɗaya ba, kowane faranti da nasa ake kawowa, a kwashe idan an gama. Idan ma an jera su, daga na waje ake farawa a nufo ciki. Wasu farantan ma da hannu ake cin su, kuma mai kawowa zai faɗa. Ta sa atamfarta ko leshinta da mayafinta yadda take so, kuma idan wani abu bai yi mata ba ta bar shi, babu dole. Macen da ta yi shekara goma tana ciyar da gida ta fi yawancin mutanen da ke zauren sanin ko gishiri ya ji.

Tsohon Kuku, Kaduna

Baba ya yi tambaya mai nauyi, kuma gaskiya a yawancin kicin ɗin da na yi aiki, ɗan aike ake turawa kasuwa ya sayo daddawa a hannun ɗan kiri, mai yin ta ba ta san ma an kai ta otal ba. Kaɗan ne suke zuwa ƙauye su ƙulla ciniki kai tsaye. Malam Abban Zainab, na manta ban ce maka ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin VAT ba, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, da kuma kuɗin hidima, wanda wurare da yawa suke sa kashi 10. Idan ba a haɗa ba, rasit zai zo da ƙarin da ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka shirya, ban da ruwa da abin sha.

Abban Zainab, Abuja

Na gode wa kowa, musamman Baba, wanda maganarsa ta sa na fara kiran Hajiyarmu kafin in tura kafin alƙalami. Ashe kuwa tabaraunta ya karye tun watan jiya ba ta faɗa ba. Sai da na gama da wannan sannan na koma kan lissafi, na ga zan iya. Mun je daren jiya, kuma ga yadda abin ya kasance.

Na yi magana da babban kukun ranar Talata kamar yadda Malam Kuku ya ce. Matashi ne da bai wuce shekara talatin da biyar ba, kuma bai yi wani ɓoye-ɓoye ba: ya ce akwai giyar inabi a miyar faranti na shida, kuma jelatin ɗin faranti na takwas bai tabbatar da asalinsa ba. Ya ce zai ware mana romo tun kafin a zuba giyar ya ƙarasa shi da tsamiya, kayan zaƙin kuma zai yi da aga. Babu alade a kicin ɗin ko kaɗan. Da ban kira ba, da mun ci duka biyun muna ganin yankan Musulmi ya wadatar. Mun yi sallar Magariba a wani masallaci da ke bakin layin, muka shiga bakwai da kwata, Isha'i kuwa sai da muka koma gida.

Faranti na farko waina ce guda ɗaya tak, faɗinta bai fi murfin kwalba ba, an ɗora mata dambun kifi da ɗan yaji, aka ce mu ɗauka da hannu mu cinye a loma ɗaya. Na biyu shi ne wanda ba zan manta ba. An ajiye mana ƙaramin kwanon ƙasa, a cikinsa yankan giwan ruwa sirara guda uku da ganyen yakuwa biyu, sannan aka zo da 'yar buta aka tsiyaya romo mai zafi a kai a gabanmu. Romon garau yake kamar shayi, ana ganin gindin kwanon, amma tururin da ya taso ƙamshin daddawa ne da citta da kimba, sak irin na kicin ɗin gidanmu da yamma. Kifin ya dahu a cikin kwanon muna kallo, ya juya daga ruwan hoda zuwa fari. Na ɗaga kai na ga mai ɗakina ta rufe ido, kuma babu wanda ya yi magana a cikinmu sai da kwanon ya ƙare. Na tuna da ci shirun da Hajiya Maman Fatima ta ambata.

An kawo acca da zogale da ƙuli-ƙuli, an kawo ƙirjin zabo a kan miyar taushe da aka tace ta yi sumul, duk sun yi daɗi. Abin sha kuwa zoɓo ne da kunun aya da ruwan goruba, kowanne a ƙaramin kofi. Sai dai abin da Malam Kuku ya hango ya faru daidai inda ya ce. Tsakanin faranti na biyar da na shida mun yi minti talatin da biyar muna jira, babu wanda ya zo ya ce mana komai, kuma da naman ragon ya iso kitsensa ya fara daskarewa a gefen farantin. A kuɗin da aka biya wannan bai kamata ba, kuma na faɗa musu. Yaron da ke kawo mana abinci yana da ladabi ƙwarai, amma ya haddace bayanin ne kawai, domin da uwargida ta tambaye shi ko daddawar ta kalwa ce ko ta waken soya, sai da ya koma kicin ya tambayo. Ya dawo ya ce ta kalwa ce, a kasuwa suke saye, ba su san mai yin ta ba. Baba, wannan ita ce amsar tambayarku a wannan wurin, kuma ban ji daɗinta ba.

Bayan faranti na ƙarshe, wanda fura ce da nono aka daskarar aka yayyafa mata garin gero soyayye, kukun ya fito yana bin tebur-tebur. Da ya zo namu ya tambaye mu abin da bai yi mana ba, ni na ambaci jiran da naman da ya huce. Ita kuwa wadda ta yi mako guda tana fargabar cokula, sai ta ce masa wainarsa ta yi kyau a ido amma ƙullun bai tashi ba, babu ɗan tsamin nan da ake ji a ƙarshen harshe, cikinta ma bai yi ƙofofi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce tun da suka buɗe yake fama da wannan. Ta tambaye shi inda yake ajiye ƙullun ya kwana, ya ce a kan teburin kicin, kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce masa ƙullu ɗumi yake so, ya rufe shi ya kai shi kusa da tanda, kuma ya dafa kaɗan daga cikin shinkafar ya haɗa kafin a markaɗa. Ya zaro ɗan littafi daga aljihun rigarsa ya rubuta a tsaye, yana ce mata Hajiya a sake maimaita mini.

Rasit ya zo da VAT da kuɗin hidima a kai, amma da yake an gargaɗe ni na tafi da shirinsa. Mun ƙoshi, ko da yake na sha shayi da burodi kafin in kwanta. Ba wuri ne da zan riƙa zuwa ba, aljihuna ba zai ɗauka ba, kuma wanda yake son zuwa ina ganin ya ƙara musu wata biyu ko uku su daidaita lokacinsu. Yau da safe mai ɗakina ta kira gwaggonta a Malumfashi, wadda take yin daddawa tun kafin a haife mu, ta ce ta ajiye mata mudu biyu a motar ranar Laraba. Ɗaya namu ne, ɗayan kuma ta ce in kai wa kukun, tare da lambar wayar gwaggon da farashin da ita gwaggon ta yanka da bakinta.